Me za mu kira "pressure wave" da Hausa?

1/ Malaman kimiyya da masu fassara, ku zo mu tsayar da magana ɗaya. Sunaye uku nake ta gani: zangon matsi, taguwar matsi, igiyar matsi.

2/ Mu fara da abin kansa. A layin da ya cunkushe, in na baya ya yi tunkuɗa, sai ta bi mutum-mutum har ta kai na gaba, alhali kowa na nan inda yake. Haka ƙwayoyin abu ke yi: su matsu, su saki, su miƙa wa na gaba. Sauti ma haka yake tafiya. A iska yana cin mita 343 a daƙiƙa, a ruwa kusan 1,500, a ƙarfe fiye da 5,000, don ƙarfe ba ya matsuwa da sauƙi.

3/ Zango dai a bar wa rediyo kayansa. Saƙon rediyo yana ratsa sararin da babu komai, wannan kuwa sai da abin da za ta matsa.

4/ Taguwa ta fi ba ni wahala, don da an ambace ta hawa da sauka muke gani. Girgizar ƙasa tana aiko motsi iri biyu ta cikin ƙasa. Mai harafin P, wato irin wadda muke nema wa suna, ita ke riga isowa, tana matsawa gaba da baya, ta ratsa dutse ta ratsa ruwa. Mai harafin S tana kaɗa ƙasa gefe da gefe ko sama da ƙasa, kuma ba ta ratsa narkakken abu. Da irin P ɗin ne Inge Lehmann ta Denmak ta gano a 1936 cewa can tsakiyar duniya akwai wani dunƙule a cikin narkakken ɓangaren. Dole sunan ya raba P da S. Taguwa da S ta fi dacewa.

5/ Wani zai ce a kira ta amo kawai. To, a 2003 na'urar hangen sararin samaniya ta NASA mai suna Chandra ta hango irinta a cikin iskar gas mai zafi ta tarin gungu-gungun taurari (galaxies) mai suna Perseus, wani baƙin rami (black hole, wurin da ko haske ba ya iya kuɓuce wa jansa) ne ke turo ta. Matsi ɗaya da saki ɗaya na cin shekara kusan miliyan 10. Wane kunne zai ji wannan amon?

6/ Zaɓina: igiyar matse-saki ga P, igiyar kaɗawa ga S. In ta yi wa allo tsawo, a rubuta igiyar matsi. Masu koyarwa a aji, wanne ya fi zama a bakin yara?