Kare ya yakushi ɗana a Rigasa, sai an yi masa allura?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum. Jiya bayan la'asar na aiki Sadik, ɗan shekara 7, zubar da shara a bolar bayan layinmu. Akwai wani jan kare marar gida da ke kwana a wurin. Sai ga yaro ya dawo da kuka, shatar farce uku a ƙwaurinsa, ɗaya har ta tsatso jini. Ba cizo ba ne, yakushi ne. Na goge da Dettol, Hajiya kakarsa ta barbaɗa toka ta ce shi ke nan. Ni dai raina bai kwanta ba.

Anti Hauwa, ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, yau za ki kai shi asibiti, ba gobe ba. Cutar haukan kare a yawu take, shi kuwa kare kullum cikin lasar ƙafafunsa yake. Kafin ku fita, wanke tokar nan da sabulu da ruwa mai kwarara na minti 15, ki duba agogo. Allurar rigakafin cutar ba ɗaya ba ce: ranar farko, sai rana ta 3, ta 7, da ta ƙarshe tsakanin rana ta 14 zuwa ta 28, yadda likita ya tsara. A dantse ake yi, ban da ɗuwawu. Tunda jini ya fito, ki yi maganar immunoglobulin, allurar kariyar gaggawa wadda ake tsirawa a ciki da gefen ciwon, da kuma allurar tetanus.

Malam Isuhu, Kawo:
To ai mu mun san ana sa wa kare ido kwana 10, in bai mutu ba lafiya lau.

Anti Hauwa:
Malam, wannan ai sai ga karen gida da ke ɗaure. Karen bola wa zai tsare shi? A fara allura tukuna. Cutar kan yi wata ɗaya zuwa uku a ɓoye, kuma da yaro ya fara tsoron ruwa, sai dai addu'a.

Baban Ummi:
Ki lura da inda za ki sayi allurar. Wani kemis ya taɓa ɗauko mini ita daga kanta, ba firji, na ajiye masa abarsa. In ba sanyi ba ta aiki.

Maman Sadik:
Na gode, Allah ya saka. Mun dawo, an yi ta farko, ya cika asibitin da ihu. Na biya ta bolar, ban ga karen ba. Hajiya har yanzu cewa take ɓarnar kuɗi ce.