Babban murhu ko daidai ɗaki? Muhawara kan murhun itace na ɗumama gida

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Zan sa murhun ƙarfe mai cin itace a falona kafin sanyi ya kankama, kuma na tsayar da shawara a kan babba, mai kilowat 12 (ma'aunin ƙarfin zafin da murhu ke bayarwa ke nan). Hujjata ɗaya ce: babba ana iya rage masa wuta in zafi ya yi yawa, ƙarami kuwa in ya kai iyakarsa shi ke nan. Mai ja ya fito.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Yaya, ni na ja. Yaya girman falon yake?

Baban Khalifa: Tsawo mita 6, faɗi 4, daga ƙasa zuwa silin 2 da rabi.

Injiniya: In ka ninka ukun za ka sami 60. Masu girka murhu sukan raba wannan da 14 su ƙiyasta kilowat, ka ga 4 da 'yan kai ke nan. Mai 5 ya ishe ka. Sannan rage wutar murhu ba kamar rage fitila ba ne, iska kake toshe mata. Itacen bai daina fitar da hayaƙi ba, hayaƙin ne ya daina ƙonewa. Sai ya hau bututu ba zafi, ya daskare a jikinsa ya zama wata irin kwalta. Ranar da ta kama wuta, gobara ce a cikin bututun, kusa da katakon rufinka.

Maman Amira: Wallahi haka ya faru da mu, saura kaɗan. Namu ya fi ƙarfin ɗakin, kullum ƙofar iskarsa a rufe take don kada zufa ta dame mu. Kwana biyu gilashinsa ya yi baƙi ƙirin. Da mai share bututu ya zo, ya riƙa kankaro wani abu ɓawo-ɓawo, baƙi mai sheƙi, ya cika min tafin hannu da shi ya ce in sansana. Warin ƙonanniyar kwalta ne zalla. Tun ranar ban ƙara barci da wuta a maƙure ba.

Kawu: 'Yata, Allah ya ƙara tsarewa, amma kada ki ɗora wa girma laifin da ba nasa ba. Wane irin itace kuke sawa? Wanda aka sare yanzu kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Sai ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100 yake ci da kyau, kuma wannan shekara guda ce ko biyu a faskare, a wurin da iska ke ratsawa. Ɗanyen itace ko a ƙaramin murhu zai yi miki kwalta. Kai kuma Injiniya, lissafinka na gidan da ke riƙe zafi ne. Tsohon gini mai shan iska ta taga da ƙasan ƙofa fa? Ga shi ƙarami ba ya ɗaukar dogon itace, sai ka wuni kana yi masa ɗura.

Injiniya: Kawu, na yarda da batun itace ɗari bisa ɗari. Akwai ƙaramar na'urar auna danshi, a faskara itacen a soka ta a sabon ɓarin. Gidan da ba ya riƙe zafi kuma a raba da 10, ya ba da 6. Har yanzu rabin 12 ne. In kuma ɗumi mai daɗewa ake so, a ɗauki na ƙarfen zubi, yana jinkirin ɗaukar zafi amma yana jimawa bai huce ba.

Baban Khalifa: To in na hura 'yar ƙaramar wuta a cikin babban, na bar iska a buɗe?

Injiniya: Cikinsa ba zai yi zafin da zai ƙone hayaƙin ba. An ƙera kowane murhu ne ya ci wuta sosai a daidai girmansa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Maman Amira: Ni abin da ban ji ka ambata ba, Baban Khalifa, ta ina hayaƙin zai fita?

Baban Khalifa: Zan huda bango ne in miƙa bututun waje a kwance, kamar mita ɗaya.

Kawu: A'a, nan kam ni ma ba na bayanka. Tsayin bututu ne ke jan hayaƙi, ana so ya kai kamar mita 4 da rabi, a miƙe, bakinsa ya zarce rufi. A kwance hayaƙin ɗaki zai dawo maka.

Injiniya: Kuma bututu mai bango ɗaya ya nisanci katako da ninki uku na faɗinsa: in milimita 150 ne, a bar 450. Inda zai ratsa silin da rufi a sa mai bango biyu. Murhun ya zauna a kan dandamalin da ba ya cin wuta, a bar kafar da iska za ta shigo ɗakin, a share bututu aƙalla sau ɗaya a shekara. Ƙararrawar da ke gano iskar kabon monoksaid mai guba kuwa, Yaya, don Allah ka saye ta rana ɗaya da murhun. Iskar ba ta da wari ba ta da launi, kuma wutar da aka maƙure ce ta fi fitar da ita.

Baban Khalifa: Bututun na ji, zan canja. Girman ne ban gama sauka ba, don ina so ɗumin ya kai har ɗakin yara. Mai 8 fa?

Kawu: In za ka riƙa barin ƙofar tsakani a buɗe, ni ban ga aibun 8 ba.

Injiniya: Auno mana ɗakin yaran tukuna, Yaya, ka kuma faɗa mana ko ƙofarsa tana kallon inda murhun zai zauna.