Ɗamarar wutsiyar Fw 190 ta karkace min, ku yaya kuka yi da taku?

Mai tambaya, daga Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu harhaɗa ƙananan jirage. Sati uku ke nan ina kan Focke-Wulf 190 A-8 na ma'aunin 1/48 (wato an rage girman jirgin gaske sau 48), irin wanda Jamusawa suka lafta wa sulke da igwa a Yaƙin Duniya na Biyu don ya kutsa cikin ayarin jiragen bam na Amurka. Komai ya tafi daidai har na iso kan ɗamarar nan mai launi da ake zagaya wa jikin jirgin gab da wutsiya. Tawa shuɗi, fari, shuɗi ce. Na jiƙa sitikar da ta zo a kwali na naɗa, sai bakinta biyu suka ƙi haɗuwa a ƙarƙashin ciki, da na ɗan ja ta kuwa ta yage. Na ce to bari in fesa da fenti. Na zagaya salatif, na fesa, na ɓare, sai ga ɗamara a karkace kamar zanin da aka ɗaura cikin duhu. Don Allah wanda ya taɓa faɗawa wannan rami ya faɗa min ta inda ya fito.

Tsohon malamin zane, daga Zariya

Wa'alaikumus salam. Ɗana, ba hannunka ne ya yi rawa ba. Jikin jirgin a wurin nan tsukewa yake yi zuwa baya kamar mazurari, shi kuwa salatif mai faɗi miƙe yake son tafiya, ko ka danne shi sai ya hau gefe. Na sha wannan wahala a Bf 109 (wani jirgin yaƙin Jamus) ɗina na farko, sau uku ina gogewa.

Yanzu ga yadda nake yi. Ina manna salatif a kan gilashi, in sa rula da sabuwar reza in yanko siriri, milimita 1 ko 2. Wannan siririn shi ke bin lanƙwasa ba gardama, da shi nake shata iyaka, sannan in rufe sauran da mai faɗi. Lissafin kuma ba wuya. Umarnin da rundunar saman Jamus ta fitar ranar 20 ga Fabrairu 1945 ya sa faɗin ɗamarar gaba ɗaya santimita 90. Raba milimita 900 gida 48, ka samu milimita 18.75, wato kowane layi cikin ukun nan naka 6.25 ke nan. Masu yin 1/72 nasu 12.5 ne duka. Ina yanko takarda daidai wannan faɗi in gwada a wuri huɗu: baya, ciki, dama da hagu. Kuma ɗamara nake fara fesawa tun kafin fentin jiki. Fari tukuna, in rufe tsakiya, in fesa shuɗi, in rufe duka, sannan in shiga toka-tokan nan na RLM 74, 75 da 76, wato lambobin launukan fentin jiragen Jamus.

Bakanike, daga Kaduna

Baba ya gama magana a kan hannu. Ni tawa ɗamarar miƙe take sambal, abin da ya kashe ni shi ne ba ta jirgin ba ce.

Na yi niyyar yin jirgin runduna ta IV/JG 3 (JG na nufin rundunar jiragen yaƙin Jamus), waɗanda Wilhelm Moritz ya jagoranta ranar 7 ga Yuli 1944 a sararin Oschersleben ta Jamus, suka afka wa jiragen bam B-24 na runduna ta 492 ta Amurka suka kakkaɓo sama da 10 cikin ɗan lokaci. Na yi baƙin hancin nan nasu, na sa igwar MK 108 mai milimita 30 a fikafikai, na manna farantan sulke a gefen mazaunin matuƙi. Da na zo wutsiya sai shuɗi-fari-shuɗi ta ba ni sha'awa, na fesa abina. Na ɗauki hoto ina ta washe baki, wani dattijo ya duba ya ce, "Malam, jirgi na JG 3, ɗamara ta JG 300?" Ashe ta JG 3 fara ce tas. Na sa samfefa na kankare, layukan jikin robar suka tafi tare da fentin, sai da na sake zana su da allura.

Tun ranar na haddace: JG 1 ja, JG 11 rawaya, JG 27 kore, JG 4 baƙi-fari-baƙi, JG 301 rawaya da ja. Kuma ba ado suka yi ba. Jirage ɗaruruwa ne a sama lokaci guda, an kai hari an watse, kowa na neman 'yan rundunarsa ya sake haɗuwa da su, ga jiragen yaƙi Mustang na Amurka a bayansa. Waɗannan masu sulken ma nauyi ya yi musu yawa, ba sa iya juyi da Mustang, shi ya sa ake haɗa su da Bf 109 masu gadinsu ta sama.

Ɗan'uwa mai tambaya, ka duba watan jirginka kafin ka sake fesawa. JG 300 ɗin ma ja suke ɗaurawa a daminar 1944, shuɗi-fari-shuɗin sai wajen ƙarshen shekara zuwa farkon 1945 ta zo. In hoton da kake bi na Yuli ne ko Agusta, ja za ka fesa, ka ma huta da layi uku.

Wata 'yar'uwa, daga Damagaram

Ku kuna maganar karkacewa da tarihi, ni hunturu ne ya yi min aika-aika. Jirgin Ta 152 na JG 301 nake yi, rawaya da ja. Na fesa rawayar kai tsaye a kan toka, ta fito wani kore-kore kamar miyar kuka. Na ƙara, na ƙara, har shafe biyar. Da na ɓare salatif sai ga tudu a bakin layin, farce yana kama shi. Ƙura kuwa ta zauna a cikin jan kamar an barbaɗa yaji.

Abin da na koya: rawaya da ja ba sa rufe duhu, sai an shimfiɗa musu fari a ƙasa, shafe biyu marasa kauri sun wadatar. Ina yayyafa ruwa a daɓen ɗaki kafin in fara, ina fesawa da sassafe kafin iska ta tashi, ina gamawa in kifa robar ajiye abinci a kai. Sannan Baba, akwai abin da ba ka faɗa masa ba. A zafinmu, salatif in ya kwana biyu a jiki, da fentin zai taso. Ni sai na fara manna shi a bayan hannuna sau biyu ƙarfinsa ya ragu, kuma fenti na shan iska nake cirewa.

Ɗalibi, daga Hamburg ta Jamus

Ina gaida manya. Ni ra'ayina ya ɗan bambanta. Yawancin ɗamarun nan ba a masana'anta aka yi su ba, makanikan runduna ne suka fesa a filin jirgi, wani lokaci a kan tsohuwar alama. In kun duba hotunan lokacin za ku ga faɗin ba ɗaya ba ne daga jirgi zuwa jirgi. Tawa ta JG 4 ta kauce da kamar rabin milimita a ciki, na bar ta haka, ban ji komai ba.

Ni abin da ya fi ba ni wahala ma Bf 110 G-4 ne, jirgin yaƙin dare. Shi ba ruwansa da ɗamara, amma ƙahonin radar nan na SN-2 da ke hancinsa sau huɗu ina karya su da hannun riga. Wani abu kuma, kwalin da za ka saya a nan ba ya zuwa da alamar 'yan Nazi ta wutsiya, doka ta hana, ni ma ban nemo ta ba. Kullum in zan shiga gari ina wuce katafaren ginin kankaren nan na Feldstrasse da aka girke igwogin harbo jirage a kansa, yanzu har lambu aka yi a samansa. A garin nan ne ruwan bam na Yulin 1943 ya kashe kimanin mutum 40,000. Wani lokaci ina kan fenti sai abin ya faɗo min a rai.

Tsohon malamin zane, daga Zariya

'Yata ta Damagaram ta yi gaskiya, na manta da zancen zafi. Kai kuma ɗalibi, na yarda da rabin maganarka. Faɗi yakan bambanta, haka ne. Amma rabin milimita a 1/48 santimita biyu da ɗoriya ne a jirgin gaske, wannan ido zai yafe. Ta ɗan Kano kuwa daga yadda ya kwatanta ta fi milimita uku, wato kusan taƙi guda. Bakaniken da ya yi haka da sajansa ya sa shi ya sake.

Mai tambaya, daga Kano

Allah ya saka da alheri, Baba da sauran 'yan'uwa. Na koma na duba, jirgin nawa na farkon 1945 ne, saboda haka launin yana nan daidai. Na goge tsohuwar, na yanko siririn salatif, na auna da takarda wuri huɗu. Fari ya hau lafiya. Ina tsakiyar shuɗi aka ɗauke wuta, injin iska ya tsaya, na ƙarasa gefen hagu da buroshi ina haska fitilar waya. Da safe na ɓare, layi miƙe, sai ɗan alamar buroshi a ƙasa inda ba mai gani sai ya ɗaga jirgin.

Sai dai na janyo wata. Na zo manna ƙarin gilasan sulken nan na gefen murfin matuƙi, na sa gam mai saurin kamawa, yanzu gilashin ya yi fari fat kamar hazo. Malam na Kaduna, na ga an ce matuƙan JG 300 da yawa cire su suke yi saboda ƙanƙara na taruwa tsakanin gilasan a sama. In ɓamɓare su kawai, ko akwai abin da ke goge wannan hazon?