Gonar Nabot: ta waye, kuma wa ya ce?

Baba Mai Garma:
Salama gare ku 'ya'yana. 1 Sarakuna sura 21 a Littafi Mai Tsarki ce ta hana ni barci, mai amsa ya amsa da waƙa, ban son dogon turanci.

Nabot na da gonar inabi a Yezreyel,
Jikin fadar Ahab, sarkin Samariya.
Sarki ya ce ba ni ita in shuka ganyen miya,
Kuɗi ko gonar da ta fi ta, ka zaɓi ɗaya.
Nabot ya ce Allah ya sawwaƙe mini,
Gādon kakannina ba na ciniki ba ne ko musaya.
Sarki ya shige ɗaki ya juya wa bango fuska,
Ya ƙi abinci, wai shi mai ƙasa gaba ɗaya.
To abin mutum nasa ne ko ba nasa ba?
Ni dai wanda ya ce wa sarki a'a, shi ne mai gaskiya.

Ɗan Terminus:
Baba ka gama magana ai, ƙari kawai zan yi.

Abin da ka sha rana ka nome naka ne,
Gumin goshinka shi ne shaidarka.
Bature John Locke ma haka ya ce tun 1689,
Ka zuba aikinka a ƙasa, ta zama mallakarka.
Doka ta takwas cikin Dokoki Goma ta ce kada ka yi sata,
In babu nawa da naka, me za a sace maka?
A Ayyukan Manzanni 5 Bitrus ya ce wa Hananiya, kafin ka sayar
Filin naka ne, kuɗin ma suna hannunka.

Ɗalibar Lauya:
Baba ina gaisuwa. Yaya kai kuma ka yi haƙuri zan taɓa ka kaɗan.

Yaya, sake buɗe surar ka duba,
Nabot bai ce tawa ce in yi yadda na so ba.
Firistoci 25:23 ya ce ƙasa ta Ubangiji ce,
Mu baƙi ne, ba za a sayar da ita har abada ba.
Shekara ta hamsin kowa ya koma gādonsa,
Girbin shekaru ake saye, ba ƙasar ba.
Sannan Yezebel matar Ahab wasiƙa ta rubuta da hatimin sarki,
Ba ta tura 'yan daba da tsakar dare ba.
Aka yi shelar azumi, aka zaunar da Nabot gaban jama'a,
Shaidu biyu, don Attaura ba ta karɓi ɗaya ba.
Suka ce ya zagi Allah da sarki, aka jefe shi bayan gari,
A takarda ko ƙa'ida ɗaya ba a tsallake ba.

Kun ga inda nake zuwa, da shari'a aka ci gonar nan fa, shi ya sa wani masanin doka na Amurka Morris Cohen ya ce a 1927 mallaka wata irin sarauta ce, iko ne a kan mutane ba a kan kaya kawai ba, ka ce wa kowa kar ka shiga hukuma kuma ta tsaya bayanka da ɗan sanda, to ranar da ta koma bayan wani fa? Proudhon na Faransa ma tun 1840 ya ce mallaka sata ce.

Ɗan Terminus:
Hahaha toh ƙanwata in sata ce aiko min da wayarki gobe da safe.

Wannan shekara ta hamsin da kike ta yabo,
Nuna min ayar da ta ce an taɓa yi, in yarda da ke.
Irmiya 34, zamanin sarki Zadakiya an 'yanta bayi,
Kafin a ce kwabo an sake kamo su an riƙe.
Ƙasa ba taka ba ce, mun ji ta a 1978,
Dokar filaye ta Obasanjo, har yau tana nan a kafe.
Gwamna ke riƙon ƙasar jiha wai amana,
Kai shekara 99 aka ara maka, in ka dace.
In ya ce don amfanin jama'a ne ya soke takardarka,
Diyyar gini da shuka za ka gani, filin ya tafi ke nan an rufe.
Wannan karatun naki daɗi yake wa Ahab,
Ki ba ni nawa nawa ne, shi ya fi tsare.

Ɗalibar Lauya:
Wayata tana nan daram yaya, shi kansa Proudhon ya raba abin da kake amfani da shi da abin da ka killace kana cin gumin wasu. Maganar Irmiya kam ka kama ni a nan.

Amma ayar Firistoci har sarki ta haɗa,
Shi ma baƙo ne, bai fi mai garma ba.
Dokar 1978 gwamna ta ɗora a kujerar mai ƙasa,
Wannan da waccan ba tafiyarsu ɗaya ba.
Kuma nawa nawa ne bai ceci kowa a kotun Yezebel ba,
Ishaya 5:8 ya ce kaito ga masu haɗa gona da gona, ba su ce sata suka yi ba.

Mama Zumunta:
Ku matsa in shigo, tun ɗazu maza kawai kuke kira, Nabot da kakanninsa.

Littafin Ƙidaya 27, 'yan mata biyar,
'Ya'yan Zelofehad, ubansu bai bar ɗa namiji ba.
Mala, Nuhu, Hogla, Milka da Tirza,
Suka tsaya gaban Musa, ba su aiki kawu ba.
Don me sunan babanmu zai ɓace a dangi?
Ubangiji ya ce gaskiyarsu, aka sa dokar da da babu ita ba.
Sura 36 maza suka dawo da ƙorafi,
Aka ce su yi aure cikin kabila, ba a sake su sarai ba.
Ɗana na Terminus, kai mai nawa nawa ne,
Gonar gidanku an raba da mata, ko ba a kai nan ba?

Ɗan Terminus:
Mama ina wuni. Caji na ya kusa ƙarewa, zan amsa in an kawo wuta.

Mama Zumunta:
Ina nan ɗana, ni ma ba inda za ni.