Fiffiken ɗan jirgina ya karkace, yaya zan miƙe shi ba tare da na ƙone shi ba?

Mai tambaya, daga unguwar Nima a Accra: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kawuna ya aiko mini da ɗan jirgin roba irin wanda mutum ke haɗawa da kansa, samfurin jirgin saman yaƙi ne mai suna Spitfire, ma'aunin 1:48, wato ya fi na gaske ƙanƙanta sau 48. Na ɗora kwalin a kan kabad har wata biyu, ɗakin namu kuma rufin kwano ne babu silin. Jiya na buɗe, na tarar fiffiken hagu ya lanƙwashe. Idan na kwantar da shi a kan tebur, bakinsa ya kan ɗaga sama har kwabo ya shige ta ƙarƙashi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ba abu ne da zan leƙa Makola in sayo wani ba. Abokina ya ce in kara shi a kyandir. Me kuke gani?

Mai gyaran waya a unguwar Circle: Wa alaikumus salam ƙanena. Don Allah rabu da kyandir. Kafin ka ankara robar ta yi baƙi ta ɗige, hayaƙinta kuma ba na shaƙa ba ne. Kar kuma ka kawo shi wurinmu a hura masa injin iska mai zafi. Da shi muke narka dalma, zafinsa kan wuce digiri 300 a ma'aunin Celsius.

Wani dattijo daga Mamobi: Yaro, kwantar da hankalinka, wannan gyara ne na ruwan zafi. Irin robar nan polistarin ce, tana sakin jiki gaba ɗaya idan ta kusa digiri 100, shi ya sa ba a tsoma ta a ruwan da ke tafasa. Abin da kake nema wajen digiri 80 ne. Idan ba ka da ma'auni, zuba kofi uku na tafasasshen ruwa a kwanon silba, ka ƙara kofi ɗaya na ruwan famfo.

Amma kar ka fara da fiffiken. Yanko guntu daga sandunan robar da sassan ke maƙale a jikinsu, ai jinsinsu ɗaya, ka gwada da shi har hannunka ya gane lokacin da take laushi. Sannan ka kama fiffiken da hantsaki, ka tsoma daƙiƙa 15 zuwa 20, ka ciro. Ka ɗora shi a kan tayil ko gilashi, ka danna a hankali da tsumma, ba da yatsa tsirara ba, don kar ka ƙone. Kana riƙe da shi a haka wani ya kwarara masa ruwan sanyi. Sanyin ne ke tsayar da shi a inda ka ajiye shi. Idan bai gama miƙewa ba ka sake; sau uku a hankali ya fi mini sau ɗaya da ƙarfi. Ni garaje ya taɓa sa na karya gangar jirgi sukutum, har yau ina jin zafin abin.

Wata 'yar uwa mai shagon gyaran gashi: Baba, daraya ta busar da gashi fa? Muna da ita a shago.

Dattijon: Tana yi, 'yata, in an nisanta ta kamar taƙi guda ana kaɗa ta. Sai dai siraran wurare kan riga masu kauri laushi, bakin fiffiken zai iya nannaɗewa. Ruwa kuwa ko'ina yake ratsawa daidai. Murfin wurin matuƙi, mai kama da gilashi, kar a kai shi kusa da zafi, saurin tsagewa gare shi.

Mai tambaya: Baba, Allah ya saka da alheri. Na yi yadda ka ce bayan la'asar, ƙanwata ce ta zuba mini ruwan leda daga firji. A karo na biyu ya kwanta lif a kan tayil. Na manne shi da salatif zai kwana a haka, kwalin kuma na sauko da shi ƙarƙashin gado. Gobe in sha Allah zan sa gam.