Injin bincike na kuɗi, ko ya cancanci a biya?

Bashir Jega: Assalamu alaikum 'yan zaure, shawara nike nema don Allah. Duk sanda na bincika maganin ƙwarin albasa a Google talla ce ke tare gaba, a ƙasa kuma shafukan nan dai da na saba gani, kamar an killace ni a shinge ɗaya. An ce akwai wani injin bincike da ake biya, wa ya taɓa gwadawa?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Kagi kake nufi, na ɗan taɓa shi. Babu talla ko ɗaya tunda kai ke biya, ba mai talla ba. Dala 5 a wata bincike 300, dala 10 ba iyaka, kuma suna ba da 100 kyauta na gwaji. Fara da na kyautan.

Malam Umaru Argungu: Hajiya ta faɗi gaskiya amma bari in ƙara. Google tun 2009 yake daidaita wa kowa sakamako da abin da ya saba dannawa da inda yake zaune, shi ne killacewar da Bashir ke ji. To Kagi fa yana ba ka dama ka ɗaga shafin da kake so sama ka toshe wanda ba ka so, ni da na gwada cikin mako ɗaya na toshe duk jaridun da ra'ayinsu ke ɓata min rai, sai na farga da hannuna na sake kafa shingen, wanga ma ya fi tsauri. Wallahi abin ya dame ni, na koma na buɗe su.

Nafisa: Malam ga wahalar biya da dala kuma. Kar a manta Neeva, ita ma ta kuɗi ce, 2023 ta rufe.

Bashir Jega: To Malam mi kake ba ni shawara?

Malam Umaru Argungu: Ka riƙe biyu. Tambaya guda ka jefa wa Google, ka jefa wa DuckDuckGo ko Brave, duk kyauta ne, ka kwatanta. Ka rubuta da Hausa, ka sake da Turanci, za ka sha mamakin bambancin. In ka shiga Kagi, shafukan kwafe-kwafe kawai za ka toshe, ban da masu saɓa maka.

Hajiya Rabi: Batun albasa kuma ka leƙa wajen malamin gona ko manoman Aliero kafin ka sayi magani.

Bashir Jega: Na gode, Allah ya saka. Daren yau zan fara da 100 ɗin, zan dawo da labari in sha Allah.