Extinction: ɓacewa za mu ce, ko ƙarewar iri?

Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tsayar da magana ɗaya kan kalmar nan ta Turanci, extinction, wato a wayi gari babu ko ɗaya da ya rage na wata halitta a duniya. Masu fassara sun fi sa "ɓacewa". Ni dai ban gamsu ba, kuma hujjata labarin wani ɗan tsuntsu ce.

A ƙasar Niyu Zilan akwai ƙaramin tsibiri mai suna Stephens, Maori, 'yan asalin ƙasar, kuma suna kiransa Takapourewa. Can ne wannan tsuntsu ya yi zamansa na ƙarshe. Dangin tsuntsaye masu rera kuka ne, amma ba ya tashi sam, sai gudu a ƙasa tsakanin duwatsu kamar ɓera. A 1894 aka kunna hasumiyar fitila mai nuna wa jiragen ruwa hanya, ma'aikata suka tare, kyanwa ta shigo tare da su. Ɗaya daga cikinsu, David Lyall, shi ya lura da gawarwakin tsuntsun da kyanwa ke kawowa, aka aika da su ga masana. A wannan shekarar wani masanin dabbobi, Walter Rothschild, ya raɗa masa sunan kimiyya Traversia lyalli. Wajen 1895 an daina ganinsa. Abin da ya rage fatu ne 'yan kaɗan a gidajen adana kayan tarihi.

An daɗe ana cewa kyanwa ɗaya ce ta gama da shi. Gaskiyar ita ce kyanwoyi sun hayayyafa sun zama na daji, kuma sai a 1925 aka raba tsibirin da su. Abin tausayi ne ƙwarai: halittar da ba ta san mafarauci irin kyanwa ba, ga shi ba fiffiken tsira.

To, ku duba. A Hausa abin da ya ɓace ana cigiyarsa, ana sa ran ganinsa. Akuya ta ɓace, yaro ya ɓace a kasuwa. A can Niyu Zilan ɗin dai akwai tsuntsu takahe, wanda aka ɗauka babu shi, sai wani likita, Geoffrey Orbell, ya gano shi cikin tsaunuka a 1948. Wannan shi ne ya ɓace. Na tsibirin Stephens kuwa ba cigiyar da za ta dawo da shi.

Wani ɗan'uwa ya kawo "ƙare-dangi". Malam, kalmar tana da ƙarfi, amma kunnen Bahaushe ya riga ya ɗaure ta da kisan ƙare-dangi, inda akwai mai niyya da mugun nufi. Lyall bai je tsibirin don ya kashe komai ba.

Shawarata ita ce "ƙarewar iri". Manomi ya san iri, makiyayi ma ya sani, kuma idan aka ce irin gero kaza ya ƙare, kowa ya gane ba abin da za a shuka baɗi. Tana kuma juyuwa ba wahala: irinsa ya ƙare, irinsa na dab da ƙarewa, ƙararren iri.

Saura abu ɗaya da nake neman taimakonku. Ƙasusuwan da aka tono sun nuna da can tsuntsun yana manyan tsibiran ƙasar, ya ƙare a can, ana kyautata zaton saboda ɓerayen da suka zo tare da mutanen farko, ya saura a Stephens kaɗai. Wannan matakin, na ƙarewa a wuri ɗaya alhali akwai saura a wani, yana buƙatar tasa kalmar. Ni "gushewa" ce ta zo mini: ya gushe daga yanki kaza. Mutanen Sakkwato da Damagaram, idan wata dabba ta daina zama a dajinku amma tana nan a wani wuri, yaya dattawanku ke faɗa?